Ranar da mai ya gagare mu, wa ya tanadi me?

Wanda yake Kano ko Kaduna ko Gusau a watan Oktoban 2024 ba ya buƙatar dogon bayani kan wannan magana. Ɓata-gari suka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ake ragewa da shi ta Benuwai shi ma ya samu matsala, muka kwashe fiye da mako guda a duhu. Ga litar fetur kuma ta haura naira dubu. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ruwa ne. Mai rijiyar burtsatse sai ya ƙona mai kafin ruwa ya hau tanki, ɗan garuwa ya ƙara kuɗin kura, uwargida ta koma lissafin wanki da wanka. Mai markaɗe ya ƙara, mai walda ya rufe shago, mai ƙanƙara ya zauna yana kallon firinji kamar akwatin kaya. Mai cajin waya kaɗai ne kakarsa ta yanke saƙa.

Tun 1956, shekarar da aka fara samun mai a Oloibiri, wani masanin ƙasa Ba'amurke mai suna King Hubbert ya ce haƙo mai kamar hawan tudu ne: ana hawa har a kai ƙololuwa, daga nan sai gangara, kowace ganga ta fi ta baya wuyar fitarwa da tsada. Ya yi hasashen Amurka za ta kai nata ƙololuwar wajen 1970, kuma haka aka yi. Daga baya sun gano dabarar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa, haƙonsu ya sake tashi har ya wuce na da, shi ya sa wasu ke cewa maganarsa ta faɗi. Su je su yi ta musunsu. Mai shayin unguwarmu ba ruwansa da yawan man da ya rage a cikin ƙasa, tambayarsa ita ce ko ribar yau za ta sayi litar gobe.

Na san za a ce ai mu ƙasar mai ce, ga matatar Ɗangote mai ganga 650,000 a rana, ga man da aka gano a Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe. To madalla. Amma Najeriya ta taɓa haƙo kusan ganga miliyan biyu da rabi a rana wajen 2005, kuma rabon da ta sake ganin wannan adadi an daɗe. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. 'Yan uwanmu na Nijar suna da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, amma da Najeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023 sun ji a jikinsu, domin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarsu a lokacin daga Najeriya take zuwa. Samun mai a ƙasarka daban, samunsa a tankinka daban.

A Ingila akwai wani ƙaramin gari, Totnes, inda a 2006 wani malami Rob Hopkins da maƙwabtansa suka fara zama suna tambayar kansu: in mai ya yi tsada ko ya yanke, me garin nan zai ci, da me zai yi aiki? Suka shiga dashen itatuwa masu ba da abinci, da saye daga manoman kusa, har kuɗin gari suka buga a 2007, kodayake daga baya an daina amfani da shi. Su sun shirya ne tun da sauran rana. Kuba kuwa ba ta samu wannan damar ba: da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991 man ya yanke, aka koma garmar shanu da kekuna da noman lambu a cikin birnin Havana, amma sai da aka sha yunwa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne kayan aikin da Turawan nan suke ƙoƙarin ƙirƙira mu gadonsu muka yi. Muna da adashe, muna da gayya, kowace sana'a tana da ƙungiya da shugaba, kowace kasuwa da sarkinta. Amma shiga layin teloli ka gani: shago ashirin, janareta ashirin, kowa na hura wa ɗan uwansa hayaƙi, ba mai jin maganar wani. A zauna a haɗa abin da layin nan ke ƙonawa a wata guda, a ninka shi sau goma sha biyu, sannan a tambayi kuɗin sola ta haɗin gwiwa a kan rufin rumfunan. Ba sabon abu ba ne, an gwada sola a shagunan kasuwar Sabon Gari ta Kano. Aikin tela da mai markaɗe da mai burtsatse yawanci da rana ne, wato ba sai an tara batura masu yawa ba, kuma batir ne ke cin kuɗin. Rana kuwa, Allah Ya hore mana har muna kuka da ita.

Ba na cewa sola ba ta da nata ciwon kan. Jabun faranti sun cika kasuwa, ƙurar hunturu tana rage ƙarfinsu in ba a goge ba, ɓarayi na kwancewa, ga rigimar wa zai riƙe kuɗi, wadda ta fi kowacce kashe haɗin gwiwa a wurinmu. Shi ya sa nake ganin ƙungiya ta fara tura yara biyu ko uku su koyi haɗawa da gyara kafin ta sayi ko da wayar wuta ɗaya, kuma a rubuta yarjejeniya da shaidu.

Wani shirin ma ba ya buƙatar faranti. Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke riƙe tumatir da yalo kwanaki ba wuta. Manoman rani a fadamu da yawa sun mayar da injin ban ruwa kan tukunyar gas, masu hali sun koma famfon sola. Mai kanti da ke sayo shinkafa daga Kura maimakon wadda ta ƙetaro teku ya rage wa kansa kuɗin mota ko bai sani ba.

Ni dai ranar Juma'a mai zuwa, bayan an sauko, zan kai wa kwamitin masallacinmu maganar burtsatsen unguwa, in nemi a fito da littafin kuɗin man da aka saya masa tun azumin bara.