Nasiha ga Matasa Masu Kallon Shirye-shirye Masu Dogon Zango

'Yan'uwana matasa, maza da mata, ina so mu yi magana a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu tun da shirye-shirye masu dogon zango suka karɓe kasuwar fim ɗin Hausa, wato yadda muke yanke wa mutanen cikin labari hukunci, da irin kalaman da muke rubutawa a ƙarƙashin kowane sabon kashi da aka saki. Ba na cikin masu ganin kallon wasan kwaikwayo ɓata lokaci ne zalla, domin ni ma ina kallo, kuma akwai shirin da nake ɗokin fitowarsa kowane mako. Abin da ke damuna shi ne yawancinmu muna kallon dogon labari da idon da muka saba kallon gajere, kuma idan abin da muka gani ya saɓa wa abin da muka saba, sai mu huce a kan marubuci, ko darakta, ko jarumar da ba ta yi komai ba illa haddace abin da aka rubuta mata.

Wannan ido namu yana da asali, kuma asalin ba abin kunya ba ne. Mun tashi a gaban kakanninmu muna jin tatsuniya, inda Gizo yake maƙaryaci mai wayo a daren jiya, yake kuma maƙaryaci mai wayo a daren yau, Kura ba ta daina haɗama, 'yar bora ba ta daina haƙuri, 'yar mowa ba ta daina rashin kunya har sai ta gamu da sakamakonta. Da talabijin ya shigo gidajenmu sai muka tarar da katun mai irin wannan tsari. Tom and Jerry, wanda William Hanna da Joseph Barbera suka fara a Amurka a shekarar 1940, ya shafe sama da shekara tamanin kyanwa tana bin ɓera, kuma babu wanda ya taɓa tsammanin ɗayansu zai yi hankali, domin kowane kashi 'yan mintuna ne, yana ƙarewa komai ya koma yadda yake. Iyayenmu ma da suka kalli Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, daɗin abin a wurinsu shi ne sun san halin Samanja tun kafin ya buɗe baki. A irin waɗannan labarai tsayuwar hali a wuri ɗaya ita ce ƙashin bayan nishaɗin, kuma babu aibi a cikin haka.

Amma abin da muke kallo yau wani gini ne daban. Tun daga Turmin Danya a 1990 har zuwa zamanin faifan CD, fim ɗin Hausa yakan ƙare ne a na ɗaya da na biyu, wani lokaci a kai na uku da na huɗu, mugu ya sha ƙasa, jarumi ya auri jaruma, a tashi. Da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, sannan daga wajajen 2020 masu shiryawa suka yi tururuwa zuwa YouTube, sai labari ya koma abin da ake bi wata da watanni, har shekara da shekaru. Mutumin da za ka zauna da shi tsawon zango biyar ko shida, idan halinsa bai motsa ko kaɗan ba, to marubucin bai yi aikinsa ba, domin a rayuwa babu wanda aure da mutuwa da talauci da arziki za su ratsa ta kansa ya fito yadda ya shiga.

A ɗauki misalin uwargidan da aka nuna mana a farkon shiri tana gallaza wa amarya. A kashi na farko mun ga ta juye mata gishiri a tukunyar miya ranar girkinta, muka tsane ta, kuma muna da gaskiya. Marubucin da ya san aikinsa ba zai bar ta a nan ba. Can gaba zai nuna mana ita cikin dare, ta buɗe akwati ta fito da 'yar rigar jaririn da ta haifa bai zo da rai ba shekarun baya, ta ninke ta mayar, ga muryar mijinta da dariyar amarya suna shigowa ta taga. Bayan wasu makonni amaryar ta kama naƙuda babu kowa a gida sai ita, sai mu ga ta tsaya a bakin ƙofa, mayafi a hannu, ta juya kamar za ta koma ɗakinta, sannan ta fita da gudu neman mai adaidaita sahu. Ba ta zama waliyyiya ba, gobe ma za ta iya gaya wa amaryar baƙar magana, amma mai kallo mai lura ya ga yadda zuciya take sauyawa sannu a hankali. Wannan shi ne gina mutum a cikin labari, kuma shi ne aiki mafi wahala a rubutu.

To me muke yi idan aka kawo mana irin wannan? Sai ka ga an cika wurin sharhi da cewa an ɓata fim, ko marubuci ya rikice, ko kuma a kashe ta kawai kowa ya huta. Wani ya kawo karin maganar nan ta hali zanen dutse a matsayin hujjar cewa muguwa ba ta shiryuwa. Idan kuma jarumin da muke so ne ya yi ƙarya, ko ya ci amanar abokinsa saboda kuɗi, sai a ce an zubar masa da mutunci, a yi barazanar daina kallo. Ina roƙonku ku dubi wannan da idon basira, domin ya saɓa wa abin da muka yi imani da shi. Ya zo a hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa dukkan 'yan Adam masu kuskure ne, kuma mafi alherin masu kuskure su ne masu tuba. Idan mun yarda da haka a masallaci da makaranta, bai dace mu zo gaban talabijin mu ce mutumin kirki ba ya faɗuwa, mugu kuma ba ya tashi ba. Abin da nake tsoro ma ya wuce fim: wanda ya horar da zuciyarsa a kan ƙin yafe wa mutumin labari, da wuya ya yi wa ɗan unguwarsu da ya daina shaye-shaye kyakkyawan zato.

Kada wani ya ce ai magana ce kawai, ba ta kashe kowa. A zamanin kaset, ra'ayin mai kallo yakan zo ne bayan an gama komai, ya faɗa a majalisa ya tashi. Yanzu kuwa shirin da ke YouTube yana rayuwa ne da yawan masu kallo da tallan da ke biyo bayansu, ana kuma ɗaukarsa zango-zango, sau da yawa ana nuna wannan ana rubuta na gaba. Masu shiryawa suna karanta abin da muke rubutawa, domin da shi suke auna kasuwa, kuma wanda ya zuba dukiyarsa ba zai yi wasa da fushin dubban mutane ba. Idan muka yi ta matsa lamba, sai a gajarce hanya don a faranta mana: mugun da ake shirin nuna mana yadda nadama za ta ci shi sai a haɗa shi da hatsarin mota, ko a haukatar da shi, yarinyar da labari ya nuna ba ta dace da jarumi ba sai a ɗaura musu aure saboda magoya bayanta sun fi yawa. Daga baya mu ne kuma za mu dawo muna cewa finafinanmu ba su da zurfi, alhali da hannunmu a cikin abin da ya hana su zurfin.

Ba ina cewa a daina suka ba ne. Akwai rubutu mai rauni, kuma yana da yawa. Akwai azzalumin da zai kwana yana zalunci ya wayi gari yana kuka yana neman gafara ba tare da an nuna mana abin da ya taɓa zuciyarsa ba, akwai kuma shirin da ake ja kamar roba don kawai a ƙara yawan kashi, mutanen ciki suna ta maimaita rigima ɗaya. Wannan ya cancanci a faɗa, kuma faɗarsa taimako ne ga masana'antar. Sai dai suka mai amfani tana da kama. Mai yin ta yakan tambayi kansa ko an shuka dalilin wannan sauyi tun baya, ko abin da mutumin ya aikata ya dace da abin da ya same shi, ko kuma abin da ya ɓata masa rai kawai shi ne labari bai bi son zuciyarsa ba. Wanda ya rubuta cewa tubar Alhaji a kashi na goma ta zo da gaggawa domin ba a nuna lokacin da ya gano gaskiyar zancen ɗansa ba, ya ba marubuci abin da zai yi aiki da shi. Wanda ya rubuta zagi kuwa bai ba kowa komai ba, sai zunubin da ya ɗaukar wa kansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kasa raba ɗan wasa da rawar da ya taka. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina na Malam Aminu Saira, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, masu kallo suna da 'yancin cewa sun fi sabawa da wannan ko waccan, kuma ana iya tattauna bambancin salon wasansu cikin mutunci. Amma a duk lokacin da irin wannan sauyi ya faru a kowane shiri, sai ka ga wasu sun bar zancen wasa sun koma zancen fuska da jiki da auren mutum da iyayensa. Haka wanda ya ƙware a fitowa a matsayin bos yakan sha tsinuwa kamar shi ya aikata laifin da gaske, alhali tsanar da muka ji ita ce shaidar ya iya aikinsa. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana mu yi wa juna izgili da jifan juna da miyagun laƙabi, kuma ba ta ware 'yan fim daga cikin waɗanda aka hana a yi wa haka ba. Wannan baiwar Allah da kake zagi tana da uwa, tana da ƙanne da ke riƙe da waya suna karanta abin da ka rubuta, wataƙila ma 'ya'yanta za su tarar da shi wata rana, tunda intanet ba ta mantuwa.

Sannan akwai ƙannenmu, waɗanda suke kallonmu fiye da yadda suke kallon allon. Yaron da yake jin yayansa yana tsine wa jaruma kowane dare zai ɗauka haka ake bayyana ra'ayi. Su ma katun ɗin da muke miƙa musu a waya ba duka ne irin na kyanwa da ɓera ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake yi a Japan dogayen labarai ne da aka tsara don matasa da manya, masu ɗauke da kisa da ramuwar gayya da aƙidun da ƙaramin yaro ba zai iya tacewa ba, don haka kasancewar abu zane ne ba ta mayar da shi na yara. Ya kamata babban wa ko babbar ya su fara kallon abin kafin su miƙa, idan kuma ya dace, su zauna tare da yaron ko da kashi ɗaya ne, su tambaye shi me ya sa wane ya yi abin da ya yi, me ya same shi kafin nan, kuma da shi ne a wurin me zai yi. Yaro ɗan shekara takwas yana iya amsa waɗannan tambayoyi, kuma sau da yawa zai lura da abin da babba ya tsallake saboda hankalinsa yana kan rubuta sharhi tun kafin kashin ya ƙare.