Tutar Majuro: Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi

Yadda aka tashi daga taron hukumar kula da jiragen ruwa ta duniya, IMO, a Landan cikin Oktoban 2025 ba sabon labari ba ne. Saudiyya ta nemi a ɗage amincewa da tsarin cajin kuɗi kan hayaƙin jiragen ruwa har shekara guda, Amurka ta yi wa masu goyon bayan tsarin barazanar hana biza da ƙara wa jirage kuɗi a tasoshinta, ƙasashe 57 suka yarda a ɗage, 49 suka ƙi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu juyawa kan Tsibiran Marshall, wata ƙaramar ƙasa a tekun Fasifik, suna cewa ai ba su da bakin kuka, wai suna kukan teku zai haɗiye su, alhali tutarsu ce ke kaɗawa a kan manyan jiragen dakon mai na duniya. Suka kira wannan munafunci. An bar jaki ana dukan taiki.

Gaskiya ne, jirgi tutar ƙasar da aka yi masa rajista yake ɗauka, kuma rajistar jiragen Marshall na cikin uku mafi girma a duniya, tare da ta Laberiya da ta Panama. Dubban jirage na yawo da sunan Majuro, babban birnin ƙasar, a rubuce a bayansu, kuma akasarinsu ba su taɓa ganin Majuro ba. To amma wa ke riƙe da littafin rajistar? Wani kamfani ne mai zaman kansa, International Registries, wanda hedikwatarsa ke Reston a jihar Bajiniya ta Amurka, ba nisa da Washinton. Shi ke tafiyar da ita tun 1990. Shi ne kuma ya riƙe rajistar Laberiya kafin ta koma hannun wani kamfanin, wanda shi ma a Bajiniya yake zaune. Ita kanta rajistar Laberiyar, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka Edward Stettinius ne ya assasa ta a 1948. Dabarar ba a tsibiri aka haife ta ba. Masu jirage ne suka nemi inda za su kauce wa harajin gida da albashin matuƙan gida, aka samo musu ƙananan ƙasashe masu neman na cefane.

A duba ƙasar da ake zargin. Mutanenta ba su fi 42,000 da 'yan kai ba, ƙaramar hukuma guda a Kano ta ninka su. Tudun ƙasar bai fi mita biyu sama da ruwa ba a yawancin wurare. Tsakanin 1946 da 1958 Amurka ta gwada makaman nukiliya sau 67 a tsibiranta na Bikini da Enewetak, aka kwashe mutane daga tsibiran kakanninsu. Wannan ƙasar ce ake so mu ɗauka ita ke juya akalar sufurin teku?

Ku tuna Deepwater Horizon, dandalin haƙar man da ya fashe a mashigin tekun Meziko a Afrilun 2010, mutum 11 suka mutu. A Koriya ta Kudu aka ƙera shi, kamfanin Transocean ke da shi, kamfanin mai na BP ya yi hayarsa, a ruwan Amurka yake aiki. Tutarsa fa? Ta Marshall. Da masu bincike na rundunar tsaron gabar Amurka suka fito da rahoto, sun soki ƙasar tutar da barin duba lafiyar dandalin a hannun kamfanonin tantancewa. Sukar ta dace, sai dai sunan tsibiran ne ya sha ta, ribar man kuwa ba ta bi ta Majuro ba.

Mu ma nan mun ɗana. A 2022 sojojin ruwan Najeriya suka zargi jirgin Heroic Idun, mai ɗauke da tutar Marshall, da shiga yankin rijiyar Akpo ba izini, aka tsare shi a Ikwatoriyal Gini, aka miƙo shi Najeriya. Ma'aikatansa 26, akasarinsu 'yan Indiya da Siri Lanka, suka shafe watanni a tsare kafin a sake su a 2023. Ƙasar da ta kai ƙara kotun teku ta duniya a Hamburg ita ce Marshall, wadda babu ɗanta ko guda a cikin jirgin.

Masu kare wannan tsarin rajista na cewa rajistar Marshall na da kyakkyawan suna wurin masu duba jirage a tashoshi. Ita ma kurar gardi ai ana ba ta nama ta ƙoshi. Masu cewa tsibiran su yar da rajistar baki ɗaya kuwa sun san jiragen za su sauya tuta cikin 'yan kwanaki, hayaƙin kuma ba zai ragu da ko tan ɗaya ba.

Abin da masu zargin munafunci ba sa faɗa shi ne, wannan ƙaramar ƙasa ce ta fara ɗaga murya daga cikin gida. A 2015 ministan harkokin wajenta, marigayi Tony de Brum, ya je IMO da kansa ya nemi a sa wa sufurin teku mizanin rage hayaƙi, aka yi watsi da shi. A 2021 ita da Tsibiran Solomon suka kawo shawarar dala 100 kan kowane tan na hayaƙi, kuɗin da jiragen da ke ɗauke da tutarta za su kasance cikin manyan masu biya. Wane munafuki ne ke neman a caji abokan cinikinsa?

Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ce dole a sami alaƙa ta haƙiƙa tsakanin jirgi da ƙasar tutarsa. A fassara wannan alaƙar, a tilasta ta. A bayyana nawa ke shiga baitulmalin Majuro, nawa ke tsayawa a Reston. Sannan mai son sanin wanda ya daƙile taron Landan ya duba jerin ƙasashen nan 57.