Wa ya tambayi Fada ko ya ci abinci?

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Tun jiya abin nan yake cin raina, na kwanta na kasa barci, shi ya sa na ce bari in rubuta ko zan samu sauƙi.

Jiya wajen ƙarfe 9 na dare na tafi gidan Fada, shugaban cocinmu na Katolika, da fushina, don an ɗaga ranar baftismar jikana daga Asabar ɗin nan zuwa ta gaba kuma ba wanda ya gaya min da wuri, ga shi na riga na gaya wa dangi, har shinkafa na auna. Tun a hanya nake shirya maganganun da zan faɗa. Da na shiga sai na tarar da shi a kan kujerar falo barci ya kwashe shi a zaune, farar rigar nan duk ta koma ja saboda ƙurar hunturu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a ƙasa, ga tuwo a kwano a gabansa ya sandare ko buɗe miyar bai yi ba. Baba katikis ne ya ce min a hankali, Mama ki yi haƙuri, tun Masa, wato sujadar ƙarfe 6 na safe, bai zauna ba, ƙauye biyu ya je kai wa tsofaffi marasa lafiya jibin Ubangiji, da ya dawo ya zauna sauraron masu furta zunubi har duhu.

Motsina ya tashe shi. Kun san me ya fara cewa? Ya ce sannu Mama, lafiya dai da daren nan? Yaya ƙafar Baba, ta yi sauƙi? Ni da na zo da faɗa, shi kuma ƙafar maigidana yake tambaya. Kunya ta rufe ni, na ce lafiya lau Fada, gaisuwa ce kawai, na fito.

Haba jama'a. Mu fa mun mai da bayin Allahn nan kamar injin niƙa, kowa ya kawo hatsinsa a niƙa masa ya tafi, ba mai duba ko akwai mai a ciki.

Makonni 4 ɗin nan na jiran zuwan Ubangiji, mu abin da muke gani shi ne ya sa riga mai launin shunayya, an kunna kyandir ɗaya kowace Lahadi, ya yi wa'azi ya sa albarka. Amma ku lissafa. Ranar Lahadi Masa biyu, wani lokaci uku, a majami'u daban daban, hanya ba kyau ga hazo ga sanyin asuba. Bikin godiyar kaka yana kansa. Auren Disamba kowa so yake nasa ya zama kafin 25 ga wata, kuma kowane sai an koyar da ango da amarya. 'Yan kwaya suna son ya zo ya ji waƙoƙin Kirsimeti, matasa na son kuɗin wasan kwaikwayo, mu Zumuntar Mata muna son ya buɗe mana taro, ga jana'iza da ba ta sallama, ga waɗanda suke tsaye a ƙofa tun safe da takardar asibiti ko kuɗin makaranta. Bayan duk wannan akwai addu'o'insa na kowace rana da ya yi alkawari tun ranar naɗi, kuma sai ya zauna ya shirya wa'azin da za mu fito mu ce ya yi tsawo.

E, mukan ce. Ni ma na sha faɗa. Wa'azi ya yi tsawo, ya makara, bai gaishe ni ba a bakin coci, ya fi son gidan su wane. A bakin famfo, a WhatsApp, a gaban yaranmu ma. To yaron da ya girma yana jin uwarsa tana yanka Fada kullum, ranar da Fada ya yi masa faɗa kan hanyar banza zai ji?

Mutumin nan ya bar gidan ubansa ya yi shekara 9 ko 10 a seminari, makarantar horar da su Fada, ba mata ba 'ya'ya. Ranar Kirsimeti mu muna gida da jikoki ana soya kaza, shi bayan Masar dare da ta safe sai ya koma ɗaki shi kaɗai, wataƙila mahaifiyarsa tana can wata jiha sai dai waya. Kuma a ƙasar nan da muke ciki hanyar ƙauyen da yake bi da asuba ba wasa ba ce. Mun manta da Fada Isaac Achi da aka ƙona a gidansa a Kafin Koro a watan Janairun 2023? Mun manta da Fada John Mark Cheitnum na Kafanchan da aka sace aka kashe a 2022? Da wannan a zuciya suke fita, amma suna fita.

Ku buɗe Markus 6:31 ku gani, Yesu da kansa ya ce wa almajiransa su zo gefe su ɗan huta, don jama'a sun yi yawa har abinci ba su samu damar ci ba. Ubangiji ya lura da yunwar ma'aikatansa, mu ne muka fi shi?

Ban ce Fada mala'ika ba ne, yana kuskure, yana gajiya, ransa yana ɓaci. In ya yi maka ba daidai ba je ka same shi da rana, cikin ladabi. Masu Fasto da Rabaran ku ma da ku nake, kada ku ce na Katolika ne.

Dan Allah a daina kai ƙaramar matsala ƙarfe 9 na dare. Dan Allah in za ku yi addu'ar iyali yau ku ambaci sunansa. Wanda yake da mota ya ce Fada yau ni zan tuƙa ku ƙauye, ku ɗan runtsa a hanya. Mata, kada mu jira sai ranar Kirsimeti mu tara masa kuloli goma da ba zai iya ci ba, yanzu ne yake kwana da yunwa.

Ni dai da asuba zan dama kunun gyaɗa in kai kafin ya fita, kuma zan gaya masa gaskiyar abin da ya kawo ni jiya in roƙi gafara. Baftismar jikana ta kai Asabar ta gaba. Ku yi masa addu'a dan Allah, ku yi masa addu'a.