Abin kashe gobara da ke rataye a bangon asibiti, yaushe aka duba shi?

Watannin baya na yi kwana uku ina jinyar wani ɗan'uwana a wani asibiti. A dare na biyu barci ya ƙaurace mini, sai na fito ina 'yar zagayawa a hanyar da ta ratsa tsakanin ɗakunan majinyata, har na tsaya gaban wata jar tukunyar kashe gobara da ke rataye a bango. Ƙura ta lulluɓe ta, na sa yatsa na share fuskar ma'auninta, sai na ga allurar ta faɗa ɓangaren ja, alamar ƙarfin iskar da ke tura garin ciki ya zurare. Takardar da aka liƙa a jikinta ta nuna rabonta da hannun mai dubawa ya haura shekara huɗu. Na ƙarasa ƙarshen hanyar inda ƙofar fita ta gaggawa take, na iske an zarga mata sarƙa da kwaɗo, an kuma jingine wani karyayyen gado da ƙarafunan rataye ledar ƙarin ruwa a gabanta. Na tambayi ma'aikaciyar jinya da ke aikin dare inda makullin yake, ta ce yana wajen mai gadi, kuma an rufe ƙofar ne saboda masu satar shiga bayan lokacin ziyara da masu ɗauke kaya. Ban ga laifinta ba, domin ba ita ta yanke wannan hukunci ba. Amma a bayana akwai mutum fiye da ashirin a kwance, kuma da yawansu ko juyawa a kan gado ba sa iya yi sai an taimaka musu.

Tun daga wannan daren maganar ta tsaya mini a rai, kuma ra'ayina a kanta shi ne kula da kayan kariya daga gobara wani ɓangare ne na jinya kanta, daidai da tsaftace ɗakin tiyata ko duba wa'adin magani kafin a ba majinyaci. Asibitin da ya yi sakaci da shi bai cika amanar da aka damƙa masa ba, komai ƙwarewar likitocinsa.

A kasuwa ko makaranta ko ofis, idan aka yi ihun gobara kowa ƙafarsa ce za ta fitar da shi. A asibiti akwai wanda aka yi wa allurar barci an buɗe cikinsa, akwai wanda injin ne ke yi masa numfashi, akwai tsohuwar da aka ɗora wa ƙashin kwankwaso, akwai bakwainin da ke cikin kwalba wanda tafin hannu ɗaya zai iya ɗauka. Duk waɗannan sai an ɗauke su, wasu tare da injinansu, kuma idan abin ya faru cikin dare, masu ɗaukar ba su fi mutum biyu ko uku a ɗaki ba. Ga shi kuma ba a amfani da na'urar hawa bene lokacin gobara, ke nan majinyacin da ke hawa na uku sai dai a sauko da shi ta matakala cikin duhu da hayaƙi.

Abin da ya ƙara wa asibiti haɗari shi ne iskar oksijin da ake ceton rai da ita. Ita kanta ba ta kamawa da wuta, amma tana ciyar da wuta. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin kimanin kashi 21 cikin ɗari, kuma da zarar ya haura kashi 23 ko 24 a cikin rufaffen ɗaki saboda yoyon bututu ko bakin tukunya da bai rufu da kyau ba, zanen gado da labule da katifa sai su riƙa kamawa da tartsatsin da a wani wuri ba zai yi komai ba, su kuma ci da saurin da ba a iya tarewa. Ko maiƙon da ke hannun mai ɗaura kan tukunyar yana iya tayar da wuta idan ya haɗu da oksijin mai matsin gaske. Daren 24 ga Afrilun 2021, tukunyar oksijin ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza, inda ake jinyar masu cutar korona, mutum 82 aƙalla suka rasu. Asibitin ba shi da na'urar jin hayaƙi, ba shi da bututun da ke feso ruwa daga rufi, kuma silin ɗin da aka yi masa na abu ne mai saurin kamawa. Ministan lafiyar ƙasar ya ajiye aiki, aka yi alkawura, amma ba a cika wata uku ba, ranar 12 ga Yuli, wata gobarar ta cinye sashen masu korona a wani asibiti a birnin Nasiriyya, fiye da mutum 60 suka mutu.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne jarirai. Ɗakin bakwaini cike yake da kwalabe da fitilun ɗumama jiki da injinan oksijin da na'urar sanyaya ɗaki, duk suna aiki dare da rana ba hutu, kuma sau da yawa a kan wayoyin da aka ja tun lokacin da ɗakin ba shi da rabin waɗannan kaya. Idan soket ya yi kaɗan sai a jona wani a kan wani, wayar ta yi ta ɗaukar zafi har robar jikinta ta narke. A watan Janairun 2021 jarirai 10 suka mutu a asibitin gundumar Bhandara a Indiya. A watan Mayun 2022 jarirai 11 suka ƙone a asibitin Tivaouane a Senegal, hukumomi suka ce haɗuwar wayoyin lantarki ce sanadi, Shugaba Macky Sall ya sallami ministan lafiya, alhali shekara guda kafin nan jarirai 4 sun mutu ta irin wannan hanya a Linguère. A Nuwamban 2024 aka sake yi a birnin Jhansi na Indiya, jarirai 10 a dare ɗaya, a ɗakin da aka cika fiye da ƙima. Allah ya ba iyayensu haƙuri. Wanda ya san abin da uwa ke ji idan aka karɓi jaririnta aka ce ta jira a waje, ya san girman amanar da aka ci a waɗannan ɗakuna.

Mutane da yawa suna tsoron harshen wuta, alhali hayaƙi ne ya fi kisa. Katifar soso da robobi idan suna ci suna fitar da guba mai sumar da lafiyayyen mutum cikin 'yan mintuna, balle wanda huhunsa ya riga ya raunana. A asibitin AMRI da ke Kolkata, ranar 9 ga Disambar 2011, wuta ta tashi cikin dare a ƙarƙashin ginin inda aka jibge kaya masu kamawa, hayaƙin ya bi ta bututun sanyaya ɗakuna ya hau benaye, kimanin mutum 90 suka mutu, akasarinsu a kan gadajensu ba tare da wutar ta taɓa su ba, kuma an yi jinkirin kiran 'yan kwana-kwana. Wannan ne dalilin da ya sa ake gina asibiti kashi-kashi, da ƙofofi na musamman masu iya tare wuta da hayaƙi na minti 30 ko 60, domin a tura gadaje daga ɓangaren da ya kama zuwa na kusa da shi a hawa ɗaya, a rufe ƙofa, a samu lokacin tunani. Sai dai ƙofar ba ta da amfani sai tana rufe. Sau nawa muke ganin an tokare irinta da kujera ko guntun katako saboda ta dami masu tura keken majinyata? Wani lokacin ma da tukunyar kashe gobarar ake tokare ta.

Shi kuwa aikin kulawar ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba, sai dai yana buƙatar naci. Tukunyar kashe gobara ana leƙa ta kowane wata a ga ko allurarta na kan kore, ko fil ɗinta da hatiminsa na nan, ko bututun bai tsage ba, ko ba a tare gabanta da kaya ba, sannan ƙwararre ya yi mata cikakken dubawa sau ɗaya a shekara. Mai ɗauke da gari, garin yana iya dunƙulewa idan ta daɗe a ajiye, ranar buƙata a matsa ya ƙi fita. Mai ɗauke da iskar kabon ba ta da ma'auni, sai an ɗora ta a sikeli ake gane ko ta zurare. Kuma kowace da wurinta: wadda ke da ruwa ba a fuskantar wutar lantarki da ita, mai gari tana lalata injina tana kuma shaƙe majinyaci a rufaffen ɗaki, ɗakin hoton MRI kuwa, wato injin ɗaukar hoton cikin jiki mai aiki da maganaɗisu mai ƙarfi, yana buƙatar wadda maganaɗisu ba ya ja, domin ta ƙarfe injin zai fizge ta daga hannun mai riƙe da ita. Haka ƙararrawa da na'urar jin hayaƙi suke buƙatar gwaji, haka fitilun gaggawa da batirinsu ke mutuwa a ɓoye, haka famfon tura ruwa da tankinsa, wanda a wasu wurare ake janye ruwansa a yi wanki da shi. Janareta ma ba a tabbatar da lafiyarsa sai an tayar da shi an ɗora masa nauyin aiki na gaske. Dukkan waɗannan kaya suna da hali ɗaya mai ban tsoro, wato idan sun lalace ba sa nunawa. Injin hoton ƙashi idan ya tsaya, a ranar kowa zai sani saboda layin masu jira, amma ƙararrawar gobara tana iya shekara biyar a mace ba wanda ya lura. Shi ya sa nake ganin tukunyar da ta zurare ta fi bangon da babu komai haɗari, domin ma'aikaciyar da ta ruga ta ɗauko ta ta ɓatar da sakannin da za ta kwashe majinyata da su.

Na san za a ce babu kuɗi, kuma ba na raina wannan magana, domin shugaban asibitin da ke lissafin albashi da magani da man janareta yana cikin tsaka mai wuya. Amma cire sarƙa daga ƙofa ba ya cin kuɗi, haka kwashe karyayyun gadaje daga hanya, haka hana jona soket a kan soket, haka ɗaure tukwanen oksijin a tsaye nesa da zafi. Inda kuɗi ya shigo kuma, matsalar ta fi zama ta yadda ake kasafta shi. Sayen sabbin kaya yana da biki da hoto da yanka zare, yana kuma da kwangila, amma albashin ma'aikacin da zai riƙa zagayawa da littafi yana dubawa ba ya burge kowa, don haka shi ake fara yankewa. Dubawar hukuma ma a wurare da yawa ta koma neman takarda: a ji sifeto na tafe, a yi aron tukwane a rataye, a karɓi shaida, a mayar wa masu su. Akwai kuma inda dokar kanta ke da giɓi. Asibitin da ya ƙone a Miryang ta Koriya ta Kudu a Janairun 2018, inda mutum 37 suka mutu a ranar, wasu kuma daga baya, ba shi da bututun feso ruwa saboda girmansa bai kai wanda doka ta wajabta wa ba, alhali akasarin majinyatansa tsofaffi ne. Mai asibiti ya kamata ya auna kariyarsa da halin mutanen da ke kwance a ciki, ko da doka ta yi masa rangwame.

Mun yi imani da ƙaddara, amma ba a koya mana jingina mata sakacinmu ba, kuma wayar da aka ga tana hayaƙi aka ce a bari sai gobe tana da mai alhakinta.

Kaya kuma ba sa aiki da kansu. Tukunyar hannu ba ta daɗewa tana fesawa, saboda haka wanda bai taɓa zare fil ba, bai san gindin wutar ake nufa ba, zai ƙarar da ita a banza. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dole ne kowane ma'aikaci, har da masu shara da masu gadi da sababbin ɗauka, ya san inda makunnin rufe oksijin na ɗakinsa yake da wanda ke da ikon rufe shi, ya san yadda ake jan majinyaci a kan katifa idan gado ba zai wuce ba, ya san lambar 'yan kwana-kwana, ya kuma san ba sai ya nemi izinin kowa ba kafin ya kira. Atisayen ma a riƙa yin sa da masu aikin dare, tun da a lokacinsu hannaye suka fi ƙaranci. A Janairun 2008 wuta ta cinye wani babban ɓangare na rufin asibitin masu cutar daji na Royal Marsden a Landan, aka fitar da kowa har da waɗanda ake cikin yi wa tiyata, ba a rasa rai ko ɗaya ba, domin ma'aikatan sun san abin da za su yi da inda za su kai majinyata.

Korar minista da kafa kwamiti bayan an binne mutane ihu ne bayan hari. Abin da nake so in gani shi ne a kowane asibiti a samu mutum guda da aka ɗora wa wannan nauyi da sunansa, a liƙa sakamakon dubawa a inda masu jinya za su karanta, sifeto kuma ya riƙa zuwa ba sanarwa, cikin dare idan ta kama. Mu da ke shiga asibiti dubiya ko jinya muna da namu rabon, domin karanta takardar jikin tukunya da taɓa ƙofar gaggawa ba sa ɗaukar minti biyu, kuma tambaya cikin ladabi hakkinmu ce.

Washegarin wancan daren na nemi ganin jami'in gudanarwa, na faɗa masa abin da na gani, na kuma nuna masa cewa akwai makullin da ke buɗewa daga ciki da turawa ɗaya amma ba ya buɗuwa daga waje, ana kuma iya haɗa shi da ƙararrawa, ke nan an magance sata ba tare da an kulle majinyata ba. Ya saurare ni da mutunci, ya rubuta. Ranar da aka sallame mu na bi ta wajen, na ga an kwashe gadon da ƙarafunan daga gaban ƙofar, amma sarƙar na nan, tukunyar ma na nan da allurarta a kan ja. A makon nan za mu koma ganin likita, kuma na riga na rubuta takardar da zan miƙa wa hukumar asibitin, da kwafinta ga hukumar kashe gobara.