Kek ɗin kabewa da Gwaggon ango

Tunda kun ƙi barina na sarara, kowa ta kira sai ta fara da "ya gida, ya maita", bari na ba da labarin nan da bakina kowa ta ji, don wanda ake yawo da shi an zuba masa gishiri da yawa. Ban suma ba. Ba a kira 'yan sanda ba. Kuma ƙarya ne ban fito ba takalmi ba, ƙafa ɗaya ce ta ɓace, ita ma a cunkoson ƙofar falo ne.

Littafin dai kun san shi, wanda Barista ta kawo mana na karatun watan jiya, ta ce a Sabon Gari ta tsinto shi cikin tsofaffin littattafan Turancin nan da ake bazawa a ƙasa. Don rabinku da ba ku karanta ba, cincin kawai kuke zuwa ci: wata mata ce a wani ɗan ƙaramin gari a Amurka ta gaji shagon gasa kek a wajen kakarta, ashe har da tsafi a cikin gadon, in ta yi kwaɓi ta yi 'yan surkullenta to duk wanda ya ci sai abin ya kama shi, wani ya daina fushi, wani ya faɗi gaskiyar da yake ɓoyewa. Sai wani mai kuɗin garin ya ci kek ɗinta ya faɗi matacce, aka ce ita ce, ta shiga neman wanda ya yi kisan ita da baƙar magenta. Irin littattafan nan jibge suke a can, ana kisa amma ba jini ba kururuwa, kowa na zaune yana shan shayi, in an kai ƙarshe kuma a rubuto miki yadda ake haɗa duk kek ɗin da aka ambata a labarin.

Ranar zaman an sha musu. Maman Biyu ta ce ita abin da ya fi ɗaure mata kai mace ta haura talatin tana zaune ita kaɗai sai mage, kuma duk garin ba mahalukin da ya taɓa ce mata yaushe za mu sha biki, ta ce wannan shi ne babban tsafin da ke littafin. 'Yar Kaduna haushin ɗan sandan take ji, tun shafin farko yake zuwa shago yana shan kofi yana murmushi har littafi ya ƙare bai turo magabata ba. Malama ko shafi ashirin ba ta kai ba ta ajiye, ta ce sihiri sihiri ne ko an sa masa bota, ba wadda ta iya ce mata komai. Barista kuwa sai da ta yi mana lacca, wai a garin Salem na jihar Masacusets a 1692 mutum 19 aka rataye kan zargin maita, yau kuma garin da labarin yake cin abinci, duk watan Oktoba 'yan yawon buɗe ido cika shi suke yi da dogayen hulunansu. Ba wadda ta tambaye ta.

Ni a matsayina na mai sana'ar, tsafin bai dame ni ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne mutum ya mutu da kek ɗinki a baki amma washegari layin shagon ya ƙaru. A ina? Nan gashi ɗaya aka tsinta a kek sai an sa ki a status. Ga shi matar tana rufe shago duk sanda ta ga dama ta tafi leƙen tagar mutane, gas bai taɓa ƙare mata ana tsakiyar gashi ba, ba ta taɓa zuwa Singa ta tarar buhun fulawa ya tashi ba. Duk da haka wallahi littafin ya yi min daɗi, dare ɗaya na cinye shi, kuma ko yanzu ina nan a kan bakata.

To a bayan littafin akwai kek ɗin kabewa. Eh, kabewar miyar taushe. Su can dafa ta suke su dame ta a kwaɓi da kirfa da citta da kanumfari da gyaɗar ƙamshi. An rubuta a gasa a 350, wanda lissafinsu ne na Amurka, a oben ɗinmu wajen 180 ke nan, na faɗa don 'Yar Kaduna da ta ce nata ya fito gawayi. Nawa dai ya yi kyau, laushi, ƙamshi har gidan maƙota, kalarsa ta ɗan yi ruwan goro. Sai ga oda, maƙociyar Anti za ta aurar da 'yarta a Rijiyar Zaki bayan ƙaramar Sallah, ƙananan kek guda ɗari na wuni, ta ce a yi mata wani abu daban wanda dangin ango ba su saba gani ba. Da bakinta ta faɗa. Ku riƙe wannan.

Muka hau adaidaita ni da Barista, kwalaye a cinyata, a gefena wata tsohuwa da lulluɓi da carbi, na gaishe ta ta amsa da fara'a har tana cewa ƙamshin me ke tashi haka 'yan nan. Barista, wadda ba ta iya magana a hankali ba tun muna makaranta, ta ce wai na mayyar nan kika yi? Na ce shi fa. Ta ce kin bi duk yadda ta ce? Na ce tsaf, har juyawar. Ta ce to kin ambaci sunan wanda kike so ya kama? Ni kuma da wasa na ce ai dangin ango gaba ɗaya na ambata, duk wanda ya ci yau sai ya amayar da abin da ke cikinsa. Muka tuntsire da dariya. Ta ce Allah dai ya sa kar wani ya mutu irin na wancan mutumin, na ce ai wancan ba kek ɗin ne ya kashe shi ba, sa masa aka yi daga baya.

Na lura mai adaidaitan ya kashe rediyo. Na lura tsohuwa ta janye jakarta ta matsa har rabin jikinta na waje, carbin na gudu. Na ɗauka zafi ne ya dame ta. Kafin a kai kwanar gidan ta ce a sauke ta, ko canji ba ta tsaya karɓa ba.

Mun isa, na jera kek a tire, uwar amarya na ta sa albarka, Barista ta shige ɗakin da ake kwalliya. Bayan la'asar aka ce dangin ango sun iso, falo ya cika dam, aka ce ni na shiga da tiren da kaina tunda na fi sanin yadda zan ɗauka. Na shiga da sallamata da murmushina, na durƙusa zan ajiye, sai na ji an ce "KAR WANDA YA TAƁA."

Na ɗaga kai. Lulluɓin nan. Carbin nan. A kan kujerar tsakiya, wadda ake ba babba. Ashe Gwaggon ango ce, yayar babansa, wadda aka ce ko sadaki sai da aka jira ta.

Ta ce ita ce. Wallahi ita ce. Da kunnena na ji, ba wani ya faɗa min ba. Sannan matar nan ta maimaita hirarmu kaf, ba ta yar da kalma ɗaya ba, har da muryar Barista take kwaikwaya. Tsohuwar da na ɗauka ko ji ba ta yi sosai. Ta ce ta ambaci sunayenmu a kan kwaɓin, ta ce har wani ya taɓa mutuwa. Ni ina durƙushe, tire a hannu, ban ajiye ba ban miƙe ba, hannuna ya fara rawa kek na zamewa gefe ɗaya.

Na ce Gwaggo Allah ya huci zuciyarki, littafi ne. Ta ce kun ji ko, har littafi gare su. Na ce a'a na labari ne, na Turanci, daga Amurka. Wata daga baya ta ce innalillahi, na ƙasar waje ne ma. Na ce ƙagaggen labari ne Hajiya, matar ma babu ita a duniya. Gwaggo ta ce to ta mutu ke ta bar wa. Duk ƙofar da na nufa sai na tarar tsohuwar nan ta riga ni. Uwar amarya ta shigo da gudu tana rantsuwa ita kek kawai ta ce a yi mata, ita ba ta ce a yi wani abu daban ba. Ba ta ce ba! Na dube ta ta kau da kai.

Sai wata mai hankali a cikinsu, Allah ya saka mata, ta ce abin ai mai sauƙi ne, ta ɗauki ɗaya ta ci a gabanmu. Kowa ya ce haka ne. Aka zuba min ido. Gwaggo da kanta ta nuna wanda zan ci da bakin carbi, na tsakiya.

Na ce ina azumi.

Falon ya yi tsit kamar an ɗauke wuta ana tsakiyar kallo. Na ce Sitta Shawwal nake, wallahi tallahi, ku tambayi Anti. Wata ta ce a ranar biki? Na ce ai ba bikina ba ne. Ban san me ya sa na faɗi haka da tsiwa ba, yunwa ce. Wata ta janye ɗanta ta cusa shi bayanta tana kurwarsa kur. Wata tsohuwar ta fara tambayar 'yar gidan wa ce, wace ce uwarta, don ai a nono ake sha. Uwata da ke zaune a Gwammaja ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, an fara binciken nononta.

A nan zan tsaya a kan mai baƙin gyalen nan, kun san ta, ba sai na faɗa ba. Ita ce ta ɗaga murya ta ce dama ita tun da aka shigo da shi ƙamshin bai kwanta mata ba, jikinta ya ba ta. Matar da tun a kicin ina jerawa ta zo ta ce bari ta ɗanɗana, ta ci ɗaya a tsaye ta naɗe biyu a tishu ta jefa a jaka, har tana tambayata ko ina koyarwa. Da ɓurɓushi a gefen bakinta take maganar nan! Kuma ita ce dai wadda ta karɓi kek ɗin bazday na ɗanta bara ta ce za ta turo a asusu, kullum netwok, har yaron ya kusa sake wata shekarar. Na buɗe baki zan ce Hajiya buɗe jakarki, sai na tuna ina azumi, kuma a halin da nake ciki in na nuna ta da yatsa cewa za a yi na kama ta. Ta ci bashi ta ci kek ta ci mutuncina a wuni ɗaya. Jiya ma na ga ta duba status ɗina, ita ce ta farko.

Ana cikin haka aka jiyo kuka a bayan labule. Ƙanin amarya ne, ɗan autan nan mai kunnuwa, ashe tun ɗazu yake maƙale da kwalin da na bari a kicin, ya ci ya fi biyar, ya kuma ji duk abin da ake faɗa. Aka jawo shi baki duk kabewa. Gwaggo ta dafa kansa tana tofi ta ce yaro me kake ji a jikinka, faɗa min gaskiya. Yaron nan ya dubi uwarsa ya fashe da kuka ya ce shi ya ɗauki dubu biyun da aka nema ranar Sallah, kuma shi ya fasa fulas ɗin Baba ba mai aiki ba, kuma Yaya tana da wata wayar a cikin akwati.

Gwaggo ta juyo ta dube ni. Ba ta ce komai ba. Ni kaina sai da na kalli tiren.

Sai a lokacin Barista ta fito, gira ɗaya an zana ɗaya ba a zana ba, tana wai me ke faruwa ne. Gwaggo ta ce ga ɗayar. Maimakon ta yi bayani da Hausa irin ta mutane sai ta fara da a shekarar 1692, na ce Barista don girman Allah rufa min baki. Anti ce dai ta zo ta fitar da ni ta ƙofar baya, da takalmi ƙafa ɗaya, na sha ruwa a adaidaita da kek ɗin da na ƙwato guda biyu. Ya yi daɗi kuwa, ko sanyi bai sa ya bushe ba.

An ɗaura aure dai lafiya, an ce mijin Anti ya je ya yi wa mazan bayani sun yi ta dariya, Gwaggo ce har yau ba ta sauko ba. Daga daren zuwa yau mata sun fi shida da suka yi min magana ta gefe, duk daga falon nan, kowacce sai ta fara da ita fa ba ta yarda da irin waɗannan abubuwan ba, amma nawa ne guda goma sha biyu, maigida take so ta ba. Ɗaya har tana tambaya ko sai da cikakken sunansa.

Uwar amarya ba ta cika min sauran kuɗina ba, tire na biyu ma yana can. Barista ta ce littafin yana da na biyu, a ciki matar ta koma yin burodi. Duk wadda za ta bi ta Rijiyar Zaki ta yi min magana, takalmin ruwan toka ne, ƙafar hagu.