Tanko Zai Shiga Makarantar Shaƙa

Masu magana: Tanko, matsoraci mai burin zama gwarzo, Kawu Na-Sani, wanda ba a taɓa jin "ban sani ba" a bakinsa ba, Baba Maƙo, wanda ko sallama ba ya amsawa sai ya tabbatar ba bashi aka zo nema ba, da Yaya Habu, siriri marar hayaniya, mai shuɗiyar ɗamara.

TANKO: Kawu, shawara na zo nema. Jiyu-jitsun Burazil, kokawar nan ta shaƙa da murɗa gaɓa, nake son koyo. Na leƙa makarantu uku, na rasa wadda zan shiga.

KAWU: Ka zo inda ya dace. Wasan nan na san shi ciki da bai. Asalinsa daga ƙasar Sin yake, can kan duwatsu, inda mutum zai tashi sama ya kai ƙafa bakwai kafin ya sauko.

HABU: Allah ya ba ka haƙuri, Kawu, babu tashi sama a ciki. Yawancinsa ma a kwance ake yi. Wani gwanin judo ne ɗan Japan, Mitsuyo Maeda, ya isa Burazil a 1914. Carlos Gracie ya koya a makarantar Maeda a garin Belem, a 1925 kuma ya buɗe makaranta a Riyo, 'yan'uwansa suka bi sahu, har da ƙaninsa Helio.

KAWU: To me na ce? Sin da Japan ai duk hanya ɗaya ce.

TANKO: Tsaya, Yaya. A kwance? Wato kuɗi zan biya a kwantar da ni?

BABA MAƘO: Kawo rabi, ni in kwantar da kai yanzu.

HABU: Tanko, ba mu labarin makarantar farko.

TANKO: Kai, wannan ta haɗu! Kofuna har rufi. Malamin ba zai wuce shekara talatin ba, amma jar ɗamara ce a ƙugunsa. Ya ce in ya taɓa mutum da yatsa ɗaya, sai dai a kira 'yan'uwansa.

KAWU: Shi ke nan, magana ta ƙare. Ja ai ta fi baƙa. Je ka yi rajista.

HABU: Ka ga ya kama kokawa da ɗalibansa?

TANKO: A'a. Ya ce dabarunsa sun yi haɗari, in ya gwada a kan mutum ba zai tashi ba.

HABU: Wa ya ɗaura masa ɗamarar?

TANKO: Na tambaya. Ya ce wani tsoho ne a wani tsibiri, kuma tsohon ya rasu.

HABU: Tsibirin fa?

TANKO: Ya nutse.

KAWU: Allahu akbar. Haka manyan malamai suke, ba sa barin sawu.

HABU: Kawu, a wasan nan sawun ake nema. Ɗamarar manya biyar ce: fara, shuɗiya, shunayya, ruwan ƙasa, sannan baƙa. Kafin mutum ya kai baƙa, yawanci sai ya yi shekara goma yana shan matsa. Ja kuwa sai a daraja ta tara bayan baƙar, tsofaffi ne masu furfura ke ɗaura ta. Duk malamin kirki, kana tambayarsa zai lissafo maka: wane ya ba ni, shi kuma wane ya ba shi. Ba ya jin haushin tambayar, daɗinta ma yake ji.

TANKO: Amma ya ce in na dage, wata goma sha takwas zan samu baƙa.

BABA MAƘO: Nawa?

TANKO: Sai na sa hannu a kwantiragin shekara guda. Rigar gi, mai kaurin nan da ake sawa a wasan, dole a wurinsa zan saya, mai hotonsa a baya. Kowane ratsi da za a liƙa a ɗamara da kuɗinsa. Kuma in aka gan ni a wata makarantar, ko leƙe ne, na zama maci amana.

BABA MAƘO: Ratsi nawa ne a ɗamara ɗaya?

HABU: Huɗu.

BABA MAƘO: Huɗu sau huɗu, ga riga, ga kwantiragi... Tanko, wannan malamin gaskiya ya faɗa. Da yatsa ɗaya yake kashe mutum, yatsan da yake nuna maka wurin sa hannu.

KAWU: Kai dai Maƙo ba ka san darajar ilimi ba.

HABU: Ta biyun fa?

TANKO: Yaya, kada ka tuna min. Tun daga ƙofa wari ya yi min maraba. Ƙarti ne zalla, ba riga mai kauri, sai gajeren wando da matsattsiyar riga. Kunnuwansu duk sun cure kamar an tauna an tofar. Na ce yau na fara, sai kocin ya ce madalla, ya turo min wani da wuyansa ya fi cinyata.

KAWU: Yawwa! Haka ake yin maza. Ni a ranata ta farko mutum uku na kayar.

HABU: A wace makaranta, Kawu?

KAWU: A wani tsibiri.

HABU: Kunnen nan jini ne ke taruwa a ƙarƙashin fata in an yawaita murza shi, in ba a zuƙe da wuri ba sai ya daskare. Rashin riga kuwa ba laifi ba ne, salo biyu ne, akwai mai gi akwai marar gi. Babbar gasar marasa gi ma, ADCC, a Abu Dabi aka fara ta a 1998. Abin tambaya shi ne, kafin su haɗa ka da ƙaton, sun koya maka saranda?

TANKO: Saranda kuma? Ni da na je koyon jarumta?

HABU: Ita ce darasin farko. In an shaƙe ka, ko an lanƙwasa maka hannu, sai ka bubbuga jikinsa sau biyu ko uku. In hannuwanka a ɗaure suke, ka buga katifa da ƙafa, ko ka faɗa da baki. Shi kuma dole ya sake ka nan take.

TANKO: Ni ai ihu na yi. Na kira sunan Inna.

HABU: Ya sake ka?

TANKO: Sai da ya gama murɗa min diddige, sannan ya tambaye ni wace ce Inna.

HABU: Diddige? Ranar farko? Wannan kamun gwiwa yake lalatawa, kuma sau da yawa ba ka jin zafin kirki sai jijiya ta riga ta tsinke. A gasar IBJJF, hukumar wasan ta duniya, ba a yarda mai farar ɗamara ya yi shi ba sam. Inda ka bubbuga aka yi kamar ba a ji ba, ɗauki takalminka ka fita.

TANKO: Takalmin ma sai da na neme shi. Wani ya shiga bayi da shi. Sauran kuwa ƙafa tsirara suke shiga, su fito su hau katifa.

HABU: Katifar da za ka sa fuskarka a kai. Daga nan ake kwaso makero da maruru. Ka duba ko ana goge ta kullum, ko ana wanke riga bayan kowane horo.

BABA MAƘO: Kowane horo? Sabulun wa?

KAWU: Makero ai alamar ƙwarewa ce. Duk zakarun duniya suna da shi.

HABU: Ta ukun.

TANKO: Wannan ba ta da armashi, Yaya. Ɗan ɗaki ne, tafiyar minti goma daga gida. Ba kofi ko ɗaya. Na tarar da malamin da kansa yana goge katifa, na ɗauka mai shara ne, har na ce ya kira min oga. Ɗamararsa ma ruwan ƙasa ce.

KAWU: Ka ji! Bai ma gama makarantar ba.

TANKO: Ya tambaye ni ko ina da ciwon baya ko na gwiwa. Ya duba faratana, ya miƙo min abin yankan farce. Sannan ya sa ni a ajin 'yan koyo, da wani dattijo mai tumbi, da wasu mata biyu suna yi tsakaninsu. Awa guda muna kwance muna tura ƙugu baya, wai sunan abin jatan lande.

HABU: Da shi za ka riƙa zamewa in an danne ka. Har ka tsufa kana yin sa.

TANKO: A ƙarshe aka haɗa ni da wani yaro da bai kai kafaɗata ba. Aka ce ya hau ƙirjina, ni kuma in ture shi. Minti biyar, Yaya! Ina ta numfarfashi, shi kuwa yana tambayata ko ina lafiya.

HABU: Ya ji maka ciwo?

TANKO: Ko ƙwarzane. Sai dai mutuncina.

HABU: A gasa wannan zaman da ya yi maka maki huɗu ne. Kuma abin da ya sa duniya ta san wasan ke nan. A Nuwamban 1993, a gasar faɗa ta UFC ta farko a Denba ta Amurka, Royce Gracie, ɗan Helio, mutum marar ƙiba, ya gama da mutum uku a dare ɗaya, duk sai da suka yi saranda. Na farkonsu ɗan dambe ne, Art Jimmerson, da ya shigo da safar dambe a hannu ɗaya. Royce ya kayar da shi ya hau kansa kawai, mutumin ya bubbuga.

KAWU: Ina wurin. Ni na ce masa ya cire ɗayar safar.

BABA MAƘO: Tanko, duk zuwan nan uku, nawa ka biya?

TANKO: Ko sisi. Darasin farko kyauta ne a yawancinsu.

BABA MAƘO: Kyauta? To me ya kawo zaɓe? Yau ka je nan, gobe can. In ka zagaye su duka, ka aske gemu ka sake dawowa.

HABU: Baba, sai ya shekara goma yana koyon yankan farce.

TANKO: Ni fa har yanzu kofunan nan suna raina.

HABU: Ta farkon tafiyar minti nawa ce?

TANKO: Awa ɗaya da rabi, in hanya ta yi kyau.

HABU: Kai da ruwa in ya ɗan tsattsafa ba ka fita? Sau biyu ko uku a mako ake so ka je. Wadda za ka iya zuwa ran da ka gaji, ita ce taka. Ka koma wurin mai goge katifar, ka tambaye shi ko ana biya wata-wata, da yadda ake dainawa in mutum ya ji rauni.

KAWU: Ɓata kuɗi ne. Jatan landen me? Matsa, Tanko, in nuna maka yadda ake yinsa a asali.

(Kawu ya tattare riga ya kwanta. Ya tura ƙugu sau ɗaya, bayansa ya ce ƙas. Ya shiga bubbuga ƙasa da hannu biyu.)

TANKO: Yaya, ya yi saranda! Wa zai sake shi?

HABU: Ba wanda ya riƙe shi.

KAWU: Wa ya ce saranda na yi? Ƙwarin daɓen nake gwadawa. Maƙo, miƙo hannu.

BABA MAƘO: Ɗagawar farko kyauta ce, Na-Sani. Amma yadda na ji ƙarar bayan nan, gara ka sa hannu a na shekara.