Wai Kratos Ya Tsufa

YAYA: Auta, gem ka kunna mini ko jinya? Tun ɗazu na danna, har yanzu mutumin nan bai gama ɗaga gatari ba.

AUTA: God of War na 2018 ke nan, Yaya. Gatarin Kratos, jarumin gem ɗin, nauyi gare shi, kowane sara sai ka auna.

YAYA: In auna me? Ni da na cinye na 2005 a PS2! Wuƙaƙe biyu ɗaure da sarƙa, ka wulwula su, duk wanda ke fili ya sami rabonsa. Maɓallan da za ka danna kawai: bokis, bokis, tirayangul. Da shi na gama da Hydra, da shi na gama da Ares, da shi na bi Zeus har cikin na uku a 2010.

AUTA: Wato shekara biyar kana danna abu ɗaya.

YAYA: Ya taɓa ba ni kunya?

(Ya danna bokis da ƙarfin da zai iya fasa hannun gem ɗin. Atreus, ɗan Kratos, ya harba kibiya. Kratos ko motsi.)

YAYA: Wa ya sa yaron nan?

AUTA: Kai. Bokis nasa ne yanzu. Sara ya koma R1 da R2.

YAYA: An ba wa yaro bokis? Bokis ɗina? To bari in yi tsalle in huce.

AUTA: Babu tsalle. X kaucewa ce.

YAYA: Mutumin da yake tsalle biyu a iska! Ka ce dai gwiwa ta kama shi, suna ɓoyewa.

(A nan aka rafke shi ta baya. Mutuwa ta huɗu ke nan, amma a lissafin Yaya ta farko ce, sauran ukun gwaji ne.)

AUTA: Ba ka ga jar alamar ba? Ita ke nuna an taho ta bayanka.

YAYA: A da kyamara tana can nesa, ina ganin kowa. Yanzu an manna ni a kafaɗarsa, ƙeya kawai nake kallo. Ƙeyar ma ba gashi.

AUTA: Ai shi ya sa in ka yi gaba Mimir zai riƙa faɗa maka.

YAYA: Wannan kan da aka rataya a ƙugu? Na ga aikinsu a God of War Ragnarök na 2022. Ka iso ƙofa, ko kallonta ba ka gama ba, sun faɗa maka yadda ake buɗewa.

(Wannan kam Auta bai musa ba. Ni ma ban musa ba.)

Can Yaya ya jefa gatarin bisa kuskure, ya tafi ya kafe a bango. Kratos ya koma dambe.

YAYA: Yauwa! Ka ga sauri? Ashe kayan ne suka yi masa yawa.

AUTA: Danna tirayangul ya dawo hannunka.

YAYA: Ya zauna can.

AUTA: Yaya, da shi ake buɗe ƙofar gaba.

YAYA: Ƙofar ma ta zauna.

AUTA: In ka daure, a tsakiyar gem ɗin wuƙaƙen sarƙa suna dawowa.

YAYA: Ka gani? Sun gane kuskurensu. Da bokis?

AUTA: Da R1.

YAYA: Ungo hannun. In yaron ya dawo mini da bokis ɗina ka tashe ni.